Ƙwai Ba Ɓawo: Yadda A Ke Dakonsa

Cikin kayan da a ke dako, kaɗan ne suka kai ƙwai wuyar sha'ani. In an bar shi cikin ɓawonsa ya kan fashe a hanya, ga cin wuri, kuma wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ɓawo ne, wanda a ke biyan kuɗin ɗaukarsa sa'an nan a zubar. Saboda haka attajiran Turawa suka koma fasa shi tun a ƙasar da aka saye shi, a juye shi ɗanye cikin gwangwani, a daskarar da shi kamar ƙanƙara, kana a yi lodi.

Ƙasar Sin ita ce babbar kasuwar wannan ciniki a farkon ƙarni na 20. Waɗansu 'yan'uwa biyu mutanen Libaful, masu suna Vestey, suka kafa gidan sanyi a Hankau, bakin kogin Yanzi, kuma a 1911 suka kafa kamfanin jiragen ruwa na Blue Star don kai irin wannan kaya Ingila, inda masu gashin burodi da kek ke jiransa.

Amma fa ɓawo shi ne garkuwar ƙwai. Bara-gurbi cikin kwando kansa kaɗai ya ɓata; in kuwa aka fasa shi cikin mazubi ɗaya da ƙwai dubu, to, wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. Sanyi kuwa ba ya kashe ƙwayar cutar da likitoci ke kira salmonela, barci kawai ya ke sa ta. A shekarun 1950 zazzaɓi ɗan'uwan taifot ya yi ta ɓulla a garuruwan Ingila, aka bi sawu, sai ga shi ya kai ga daskararren ƙwan Sin da ke gidajen burodi. An yi jinkiri ƙwarai kafin a ɗauki mataki. Sai a 1963 hukuma ta yi doka, lalle a ɗumama ruwan ƙwai zuwa awo 64.4 na Salshiyas har minti biyu da rabi, zafin da zai kashe cuta ba tare da ƙwan ya dahu ba. Amurka ta yi tata dokar a 1970.

Mazubin da aka saba da shi a Amurka garwa ce mai cin laba 30. Yanzu akwai bokitin roba, da jakar leda cikin kwali, da tankar mota mai sanyi. Daskararre a kan riƙe shi a awo 18 ƙasa da sifiri. Gwaiduwa na da nata hali: in ta daskare ita kaɗai sai ta yi danƙo, ba ta sake narkewa sosai, don haka a kan zuba mata gishiri ko sukari kashi goma cikin ɗari tun kafin a rufe.

Game da kuɗin dako kuwa, masu manyan motocin Amurka suna da littafi tun 1936 wanda ya kasa kaya aji-aji. Azuzuwan 18 ne, daga 50 zuwa 500, kuma gwargwadon hawan lamba gwargwadon tsada. Abu huɗu a ke dubawa: nauyin kaya bisa wurin da ya ci, da wahalar ɗauka da saukewa, da yadda zai zauna tare da sauran kaya, da asarar da za ta hau kan mai mota in ya lalace. Ƙwai fasasshe ya yi nasara wajen na fari, gama nauyi ne tsantsa ba iska a ciki. Wajen na ƙarshe ne ya ke da rauni, domin in injin sanyi ya tsaya a hanya, lodin duka ya tashi daga abinci.

Wanda ya fi duka sauƙin dako shi ne garin ƙwai, tun da kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jirage suka yi ƙaranci, shi Amurka ta riƙa aika wa Ingila, aka fara raba wa jama'a a 1942, ƙunshi ɗaya a madadin ƙwai 12.