Suri da Mutanen Karkara

A cikin gida gara abokiyar gaba ce. Tana cin tabarma da littafi, tana cin rufin ɗaki, shi ya sa magina suka fi son azarar giginya, don ba ta iya mata. Amma da an fita daji an tarar da suri, sai lissafin ya canza.

Wani nau'in gara da ake kira zago ne ke gina shi. Yakan haƙo yumɓu daga can ƙarƙashin ƙasa, ya kwaɓa da yawunsa, ya yi ta liƙawa ƙwaya-ƙwaya har ginin ya fi tsayin mutum. Idan ya bushe, sai an sa diga kafin ya fashe. Cikinsa kuwa duk hanyoyi ne da ramukan shan iska, ga ɗakunan da suke noman wani irin naman kaza a kan ciyawar da suka tattauna, ga kuma ɗakin uwarsu a can gindi, inda take zuba dubban ƙwai a kullum.

Ƙasar suri tacacciya ce, ba tsakuwa, ga danƙo. Don haka ake saran tsohon suri a jiƙa, a haɗa da ramno, a yi yaɓen rumbu ko a gina murhu. Mai kiwon zabi kuma yana da tasa dabarar: zai cusa busasshen kashin shanu da kara a tsohuwar tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a hanyar gara. Da safe ya ɗauko ta cike, ya karkaɗe wa 'yan tsaki. Manoman wajen Tawa a Nijar ma da gangan suke jawo gara, da takin da suke zubawa a ramukan shuka da ake kira tassa, domin ta huda musu fako ruwa ya shige.

Da ruwan farko ya sauka, shinge, wato gara mai fuka-fuki, kan fito da dare. Yara su kunna fitila, su ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinta, washegari a soya da gishiri da yaji.

Duk da haka ba a wasa da suri. Tsofaffi na cewa mazaunin aljanu ne, suna hana yara hawansa ko yin fitsari a kai, musamman da tsakar rana da almuru. Ko wanda bai yarda da zancen ba ya dace ya kiyaye, tunda macizai da guza na fakewa a ramukan surin da gara ta bari.