Kuɗin Sauyin Yanayi da Hanyar Isowarsu Garin Jugu

Garin Jugu, hedkwatar jihar Donga a arewacin Jamhuriyar Benin, tsohon zango ne na fataken Hausawa masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja fataucin goro. Yawancin mutanen karkararsa manoma ne, masu noman doya da masara da dawa da kashu, kuma damina ɗaya gare su a shekara. Idan ruwa ya makara, ko ya ɗauke bayan an yi shuka, rumbu ne zai nuna. Irin waɗannan manoma ake nufi da kuɗin tallafin sauyin yanayi.

A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, alkawarin da bai cika ba sai a 2022 bisa lissafin ƙungiyar OECD. A taron Baku na 2024 aka ɗaga adadin zuwa biliyan 300 kafin 2035. Sai dai ba a ɗaukar kuɗin a miƙa wa ƙasa don kawai tana da bukata. Dole wata hukuma ta tsaya a tsakani, ta rubuta takardar neman aiki, ta karɓi kuɗin, ta kuma yi bayanin kowane sisi.

A nan maganar ƙarfin hukuma ta shigo. Abin da ake nufi da ita ba gini ba ne, ba kuma yawan motocin ofis ba. Masu ba da kuɗi suna duba ko hukuma tana da akantoci da masu binciken kuɗi masu zaman kansu, da ƙa'idar ba da kwangila a fili, da tsarin auna illar aiki ga muhalli da jama'a, da ƙofar da talaka zai kai ƙara idan aikin ya taɓa masa gona. Tantancewar takan ci shekaru. Ƙasar da ba ta da irin wannan hukuma sai ta bi ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ko manyan bankuna, waɗanda ke cire ladan kula da aiki, kuma yawancin ƙwarewar rubuta takardun takan zauna a ofisoshinsu.

Benin ta fara shiri da wuri. A 2011 Asusun Daidaitawa da Sauyin Yanayi ya amince da asusun muhalli na ƙasar, wanda yanzu ake kira FNEC, ya riƙa neman kuɗi kai tsaye, shekara guda bayan Senegal ta buɗe wannan hanya. Amincewar babban asusun duniya, wato GCF mai hedkwata a Koriya ta Kudu, ba ta samu ba sai 2019. A shekarar ce GCF ya ware dala miliyan 9 don gyaran dazuzzuka da gonaki a ƙananan hukumomi 7 na tsakiya da arewacin ƙasar, har da Jugu, amma ta hannun hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuɗin suka biyo. Sai a 2023 GCF ya amince da wani aiki na sama da dala miliyan 9 wanda FNEC da kansa ya gabatar.

Aikin na 2023 ya ginu ne a kan shirin LoCAL, wanda aka gwada tun 2014 a ƙananan hukumomi uku, ciki har da Kofargo maƙwabciyar Jugu. Ana zuba kuɗin cikin kasafin ƙaramar hukuma, ita ce ke zaɓen aikin, ko kwalbati ko rijiya ko fadamar lambu, sannan a bincika littattafanta kowace shekara. Wadda ta riƙe amana sai a ƙara mata. Wannan ya fi tarukan bita na otal amfani, domin akanta yana koyon aikin ne da kuɗin gaske a hannunsa. Ƙananan hukumomin Benin 77 ba su daɗe ba, a Disamba 2002 aka fara zaɓen kansilolinsu, saboda haka suna bukatar wannan horo.

Akwai kuma matsalar harshe. Da Ingilishi GCF ke karɓar takardu, ma'aikatan Kwatano da Faransanci suke aiki, manoman Jugu kuwa da Yom da Lokpa da Dendi da Fulatanci suke magana, a kasuwa kuma ana jin Hausa. Kafin ƙorafin manomi ya isa teburin masu yanke shawara an fassara shi sau biyu aƙalla, kuma ba kasafai ake sa ladan tafinta cikin kasafin aiki ba.