Idan Notin Shokoba Ya Cinye Kai, A Ajiye Guduma Tukuna

A ƙasan kowace ƙafa ta shokobar gaban babur, daidai inda sandar taya ke ratsawa, akwai wani noti da mai babur zai shekara yana hawa bai taɓa ganinsa ba. Sai an cire taya an leƙa ta ƙasa ake hango kansa a cikin rami, mai kusurwa shida, wanda alanki kaɗai ke shiga. Shi ke riƙe da siririn bututun ƙarfe na cikin shokoba, wanda mai ke bi ta hudojinsa yana rage tsalle. Duk ranar da sil ya mutu, mai ya fara zuba, yawanci sai an kwance wannan noti kafin ƙafar ta rabu biyu. Haka abin yake a yawancin baburan da ke titunanmu, irin su Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, ko a hannun ɗan acaɓa a ƙauyukan Katsina, ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi. A nan ne kuma aikin awa ɗaya kan koma na wuni guda, wani lokaci har da sayen sabuwar ƙafa.

Ba banza notin ke gardama ba. Kamfanoni da yawa suna shafa wa zarensa wani gam mai kama ƙarfe don kada girgizar hanya ta sassauta shi. Abin da aka ɗaure shi a jiki kuma ba a kafe yake ba: kana juya noti, bututun ciki na binsa, su yi ta zagaye tare. Ga laka da tsatsar damina da ke cika ramin kan, alanki ya shiga rabi kawai. Sai yaron shago ya danna da ƙarfi, alanki ya zame sau ɗaya, ya zame sau biyu, kusurwoyi shidan nan su koma da'ira. Daga nan sai ka ji ya ɗago kai yana cewa, "Oga, ya cinye."

Akwai kuma matsalar awo, wadda ba kasafai ake kula da ita ba. Baburan Indiya da Sin da Japan da milimita ake ƙera notinansu, amma a kasuwa ana samun alanki na awon inci a cakuɗe da su. Wanda ake kira bakwai bisa talatin da biyu na inci bai kai milimita 5.6 ba. Ka sa shi a ramin milimita 6, zai shiga, har ya yi kamar ya kama, amma yana wasa a ciki, kuma wannan ɗan wasan ne ke cinye kan noti. Alanki mai arha da bakinsa ya riga ya suɗe shi ma haka yake yi.

Gwanayen bakanikai suna da dabarar da ke kashe rabin wahalar tun kafin ta taso: suna sassauta notin ƙasa tun ba su buɗe murfin sama ba. Muddin murfin na rufe, sifirin na danne bututun ciki, ba zai samu damar juyawa ba. Kafin nan sun ƙwaƙule ramin da tsinke sun wanke da kalanzir, sun buga alanki har ya zauna a gindi. In akwai injin kwance noti mai bugu, ya fi, domin fizga guda ta fi jan hannu a hankali tasiri a kan irin wannan noti. Wanda ya riga ya buɗe sama, sai ya fiƙe bakin sandar tsintsiya ya cusa ta ciki ya danne bututun. Sai dai a kula da murfin saman, sifirin na bayansa a matse, yana iya tsalle ya sami mutum a fuska.

To, in an riga an makara fa, kai ya cinye? Abu na farko shi ne a tsaya. Duk zamewar da aka ƙara, ƙarfen da za a kama ne ake ragewa. A samo makulli mai bakin tauraro wanda ya ɗan fi ramin girma, a buga shi ciki da guduma har haƙoransa su ciji ƙarfe, sannan a juya. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ya ƙi, ana iya sa zafi don gam ɗin ya saki, amma nan wurin a yi hattara ne. A fara tsiyaye man da ke ciki tas, domin mai ne, yana kama wuta. Ƙafar shokoba kuma alminiyam ce, tana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ta yin ja ta gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Tana nan fara fat sai kawai ka ga ta lotsa. Tun kafin ma ta narke, zafi mai yawa yana rage mata ƙwari. Saboda haka ni dai ba na ganin hikimar kai ƙafar shokoba wurin mai walda ya hura mata wutar gas, ko da kuwa ya ce ya saba.

Hanyar da ta fi tsafta, wadda mutane ke tsoro ba gaira ba dalili, ita ce huda kan. A sa bakin injin huda mai kaurin jikin notin, misali milimita 8 ga noti mai kaurin 8, a tsakiyar ramin da ya cinye. Ramin da kansa zai riƙe bakin kada ya kauce. A tafi a hankali, ana ɗiga mai. Da an kai wuyan notin, kan zai ɓalle ya maƙale a bakin injin kamar zobe. Nan take a ɗaga hannu, domin abin da ke ƙarƙashinsa wurin zaman washa ne, zoben da ke toshe mai, in aka ci wurin, mai ba zai daina zuba ba. Bututun ciki zai zaro ta sama da guntun notin a jikinsa, kuma tun da babu sauran abin da ke jansa, sau da yawa filaya ma ta isa ta kwance shi. A wanke ƙafar ciki da waje, kada a bar ɓarɓashin ƙarfe ko ɗaya, don shi ne zai karce bututu ya kashe sabon sil.

Ana sayar da wani ƙarfe mai zaren hagu da ake murɗawa cikin noti ya fito da shi. Yana aiki, amma ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, mai saurin karyewa. In ya karye a ciki, bakin huda na yau da kullum ba ya cinsa.

Yanzu ga mai babur. Gaskiya yawancin ɓarnar nan daga matsin lambarsa take fitowa. Yana tsaye a kan bakanike, "Malam, yi sauri mana, ban haɗa balans ba." Shi kuma bakanike, don kada ya rasa kwastoma, sai ya ɗauko guduma da guntun ƙarfe ya yi ta dukan ƙafa, ko ya mayar da tsohon notin da ya sha wuya. Kada ka yarda a mayar maka da notin da kansa ya cinye, domin wanda zai buɗe gaba ba zai sami abin kamawa ba. Ka nemi a nuna maka sabon. Yawanci a kansa akwai lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ita ce shaidar ƙarfinsa, kuma kada a sa wanda bai kai lambar tsohon ba. Tsawonsa ma ya zo daidai. Washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsa sabuwa ake sawa, don sau ɗaya take lotsewa ta toshe mai. Man shokoba kuma a auna shi daidai a ƙafa biyun, yadda littafin kamfanin ya faɗa.

Kafin ka ɗauki fasinja, riƙe birkin gaba ka danna kan babur sau da yawa. Ya sauka ya taso lafiya, ba ƙara, ba sarƙewa. Washegari da safe ka shafa yatsa a ƙarƙashin ƙafar. In ka ji danshin mai, koma wurin bakanike a ranar, domin daga nan zuwa birkin gaba bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma takalmin birkin da ya sha mai sai dai a canza shi.