Kada Ku Bar Yara Su Yi Renon Ɗan Ɓera

Jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo, ku saurara. In ana gyaran rumbu, yara kan tsinci 'ya'yan ɓera babu uwa, su sa su cikin gwangwani suna ɗiga musu madara. Tausayi ne, amma ku hana su. Ɓeran nan mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a ƙasar Borno cikin 1969. Ɗansa yakan sami cutar tun yana jariri, ba ya nuna alama, tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. Yaron da ya taɓa shi, ku wanke masa hannu da sabulu. In zazzaɓi ya kama shi cikin mako 3, ku kawo shi asibiti, ku gaya wa malamin zancen ɓeran.