Hoton da ake kallo da yatsa: littafin da yaran Matameye makafi ke jira

Duk wanda ya tashi a Matameye, ko a ƙauyukan Kance da ke kewaye da ita a jihar Damagaram, ya san yadda ake tatsuniya: da dare, a tsakar gida, galibi babu fitila. A wannan zama, yaro makaho da mai gani ɗaya suke. Babu wanda ya taɓa ganin Gizo da Ƙoƙi, kowa da kunne yake kama su. Bambanci yana farawa ne ranar da aka shiga lakwal, malam ya ɗaga littafi ya ce a kalli hoto a faɗi abin da aka gani.

Makanta ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ciwon amodari, wanda ƙudaje da ƙarancin ruwan wanke fuska ke yaɗawa, ya daɗe yana lanƙwasa gashin ido yana karce ƙwayar har gani ya tafi. Cibiyar Carter ta yi shekaru tana taya hukumomin lafiyar Nijar yaƙi da shi a Damagaram da Maraɗi da Diffa. A Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi. An ci nasara ta fuskar magani, amma yaron da idonsa ya riga ya tafi, me aka tanadar masa ya karanta?

A wasu ƙasashe an daɗe da soma ba da amsa. A 1994 wani malamin yara makafi, Philippe Claudet, ya kafa gidan buga littattafai na Les Doigts Qui Rêvent a yankin Dijon na Faransa, sunan da ke nufin yatsun da ke mafarki. Hotunansu ba zane ba ne: ƙyalle ne, da fata, da katako, da igiya, ana manna su da hannu shafi bayan shafi, ga rubutun Braille mai ɗigo shida a gefen manyan haruffa, domin makaho da ɗan'uwansa mai gani su karanta littafi ɗaya.

Wanda ya fi yin suna shi ne na Menena Cottin da Rosana Faría, 'yan ƙasar Benezuwela, wanda ya fito a Meziko a 2006. Sunansa da Hausa zai zama Baƙin Littafin Launuka. Duk shafukansa baƙi ne ƙirin, zanen ya ɗan taso sai an shafa. A ciki wani yaro makaho, Tomás, yake bayyana launuka ta ɗanɗano da ƙamshi da sauti da taɓawa. Ya ci kyauta a baje kolin littattafan yara na Bologna a 2007. Sai dai akwai abin lura: an yi ƙorafin cewa ɗigon Braille ɗinsa bai taso yadda makaho zai karanta cikin sauƙi ba. Wato littafi ne a kan makanta domin masu ido, ba lallai na makafi ba. Duka biyun ana bukata, amma bai kamata a rikita su ba.

Nau'in na masu ido ma yana da aikin yi a ƙasar Hausa. Hoton makaho da yaranmu suka fi sani shi ne na mai sanda da ƙoƙon bara, ɗan jagora na gaba, shi ma an raba shi da makaranta. Kaɗan ne a cikinsu aka taɓa gaya wa cewa Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne.

Makarantu akwai, sai dai suna nesa. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahmane, a Najeriya akwai ta Gindiri a jihar Filato tun 1953. Tura ɗan shekara shida daga Matameye zuwa Yamai, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ba ƙaramin abu ba ne ga uwa. Littafin taɓawa kuwa yana iya isa gida tun kafin shekarun makaranta, lokacin da yatsu ke koyon bambanta laushi da kaushi, wanda shi ne tushen karatun Braille.

Kayan aikin suna cikin kasuwar garin. Kaba ta zama tabarma a shafi, ɓawon rake, wanda yankin ya yi suna da shi, ya zama katangar gida, guntun ƙwarya ya zama bayan kunkuru, gero a cikin ɗan ƙulli ya yi kacau-kacau idan an girgiza, kanumfari ya ba shafin ƙamshi. Harshen ma ya tanadi nasa: muna cewa sanyi ƙalau, tauri tsantsan, zaƙi zaƙwai, kalmomin da ba sa bukatar ido. Abin da ba a samu a kasuwa shi ne allon huda ɗigon Braille da tsinkensa, da kuma malamin da ya iya rubuta Hausa da su. Allon ƙarami ne, yana shiga aljihun jakar duk ɗan Matameye da ke dawowa gida hutun salla daga Kano, Agadas ko Faransa.