Babi na Tara: Ninka Siginar Lantarki da Gusar da Tsakiyarta

Ka sani, ya kai mai karatu, da yawa daga cikin na'urorin da ke auna zafi ko nauyi ko motsi ba su da wani harshen da suke isar da saƙo da shi face ƙarfin wutar lantarki, kuma galibi abin da suke fitarwa ba ya dacewa da abin da kwamfuta take iya karɓa. Alal misali, a ce ma'auni yana ba da wuta daga bolt 1 ƙasa da sifili zuwa bolt 1 sama da shi, alhali kuwa allon Arduino Uno, wanda ke kasa tazarar sifili zuwa bolt 5 gida 1024, ba ya karanta duk abin da ya gangara ƙasa da sifili.

Mas'alar nan hisabinta biyu ne. Da yake faɗin da ke shigowa bolt 2 ne, wanda ake bukata kuwa 5, wajibi ne a ninka shi sau 2.5, sa'an nan a ɗauke tsakiyarsa daga sifili a kai ta bolt 2.5, kamar yadda mai awo yake daidaita allurar sikeli kafin ya ɗora kaya.

Abin aikin shi ne amfilifaya mai ƙofofin shiga biyu, ɗaya tana juya sigina, ɗaya ba ta juyawa, irin 741 da kamfanin Fairchild ya fitar a 1968. Asalin hikimar kuwa ta Harold Black ce, wanda a 1927, a Amurka, ya gano cewa idan aka komo da wani sashe na abin da ya fita zuwa mashiga don ya rage shi, to rasistoci ne za su hukunta yawan ninkin. Saboda haka, in aka shigar da siginar ta ƙofa mai juyawa ta kan rasista mai om 10,000, aka sa mai om 25,000 a hanyar komowa, ninki ya zama 2.5, sai dai a juye: babba ya koma sifili, ƙarami ya koma 5, abin da kwamfuta take gyarawa cikin sauƙi.

Amma fa a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin wutar da aka ɗora a ɗaya ƙofar don gusar da tsakiyar sau 3.5 take ninkuwa, don haka bolt 0.714 kawai ake ba ta, ta haifar da 2.5 ɗin. Haka kuma 741 ba ta iya kai fitarwarta dab da iyakar wutar da ake ciyar da ita, sai an ba ta rara sama da ƙasa.

To, duk wanda ya harhaɗa wannan da'ira, kada ya wadatu da lissafin takarda; ya ɗauki mita ya gwada ta a ƙasa da tsakiya da sama, ya tabbatar ya ga 5 da 2.5 da sifili.