Ankon ranar mata da albashin ƙanwata a Minna

A farkon watan Maris na baro Legas na je gida Minna, na tarar da ƙanwata tana gugar wata atamfa shunayya. Anko ne da makarantarsu ta fitar wa malamai mata don ranar mata ta duniya, 8 ga Maris. Makarantar kuɗi ce a wajen Bosso. Na ce mata ankon ya yi kyau. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, daga albashina fa aka cire kuɗinsa. Kuma malamin da aka ɗauke mu wata ɗaya, takardarmu ɗaya, ya fi ni da dubu goma." Da ta tambayi dalili, wai sai aka ce mata ai shi magidanci ne.

To jama'a, wannan shi ake kira giɓin albashi tsakanin maza da mata. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa abin da mata ke samu ya gaza na maza da kusan kashi 20 cikin 100. Shi ya sa tun 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da batun kowace ranar 18 ga Satumba. A Amurka ja ake sawa a ranar da suka ware, wato ranar da ke nuna tsawon lokacin da mace za ta ƙara yi tana aiki a sabuwar shekara kafin ta kamo abin da namiji ya samu bara. Mu kuwa da ma mutanen anko ne, sai muka ɗauki kalar muka bar tambayar kuɗin.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a biya lada ɗaya a kan aiki ɗaya, ba tare da duba mace ce ko namiji ba. Matsalar ita ce sashen yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta wa gwamnati aiki da shi. A aikin gwamnati da sauƙi, tunda da matakin albashi ake biya. A 2024 Gwamna Umaru Bago ya amince da naira 80,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Neja, sama da 70,000 na tarayya. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Nan kuwa mata suka yi yawa: ƙananan makarantu, shaguna, kemis, wuraren POS, gidajen abinci. Galibi babu takardar ɗaukar aiki, abin da mai wuri ya yanka maka shi ke nan.

Maganar "shi magidanci ne" kuwa, albashi ladan aiki ne, ba tallafin iyali ba. Zawarawa nawa muka sani da ke riƙe da marayu? Ita kanta ƙanwata daga wannan ɗan kuɗin take saya wa Inna magani.

'Yan uwana na Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan, da yawanmu muna da yaran shago maza da mata. Kafin mu yaba hoton anko a Facebook, mu buɗe littafin biya mu duba. In aiki ɗaya suke yi, awa ɗaya, me ya raba kuɗinsu? Ku kuma mata, ku nemi takarda mai ɗauke da albashi tun ranar farko, ku riƙa tambayar juna nawa ake biya, domin ɓoyewar ce ke rufa wa cutar asiri.

Ƙanwata ta sa ankonta ranar. Bayan an gama hotuna, su huɗu suka shiga ofishin mai makaranta da buƙata ɗaya: a rubuta tsarin albashi kowa ya gani. Har na hau motar Legas ba a ba su amsa ba.